Yadda ake mayar da kiɗan ganga da aka naɗa zuwa MIDI don sauya masa sauti

Wani ƙanena da ke Jidda ya turo mini tambaya, ga ta a taƙaice: "Yaya, a bikin 'yar'uwata da aka yi a wata istiraha (gidan haya na taron biki) a bayan gari na naɗi kiɗan makaɗa kai tsaye. Akwai gangunan bature, na sa musu makirfo huɗu, ɗaya a kik (babbar gangar da ake bugawa da ƙafa), ɗaya a sineya (ƙaramar gangar da ake bugawa da sanda), biyu a sama. Akwai kuma mai darbuka (gangar hannu ta Larabawa) da mai kalangu, kowa da nasa makirfon. Da na koma gida na buɗe, kik ɗin kamar ana dukan kwali, sineya ba ta da nama, ga gurnanin mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) a ƙasa. An ce mini ana mayar da kiɗa MIDI a sauya sautin. Na gwada, bugun ya fito fiye da wanda aka yi, sautin kamar keken ɗinki, kuma idan na haɗa sabon kik da tsohon sai nauyin ya ɓace. Manhajar FL Studio nake aiki da ita, ina kuma da manhajar Reaper. A ina na kuskure?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Aikinka bai lalace ba, domin ka yi abin da ya fi komai muhimmanci tun a wurin bikin: ka ba kowace ganga makirfonta. Matsaloli ukun da ka lissafa kuwa kowacce da inda ta samo asali, kuma ba magani ɗaya ne zai warkar da su ba.

Ka fara riƙe wannan: babu sauti ko ɗigo a cikin MIDI. Rubutu ne kawai na abin da hannu ya yi. Tun 1983 da aka fito da shi, bayan ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan, abin da yake faɗa game da bugun ganga abu uku ne: wane maɓalli aka taɓa, yaushe, da wane ƙarfi. Ƙarfin nan lamba ce daga 1 zuwa 127. A 1991 aka ƙara tsarin General MIDI, wanda ya keɓe wa ganguna tasha ta 10, ya ce maɓalli na 36 kik ne, 38 sineya, 42 hai-hat (farantan ƙarfe biyu da ake rufewa da ƙafa) a rufe, 46 a buɗe. Saboda haka idan ka ce wa manhaja ta mayar da kiɗa MIDI, ka ɗauki magatakarda ne ka zaunar da shi ya saurara, duk lokacin da ya ji sauti ya yi tsalle ya rubuta cewa an buga a nan, da ƙarfi kaza. Magatakardan nan bai san ganga ba. Tafin 'yan biki, guɗar mata, ƙafar wani da ta bugi sandar makirfo, duka bugu ne a wurinsa. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun ƙarshen shekarun 1970 wani injiniyan sauti mai suna Roger Nichols ya ƙera na'urar da ya kira Wendel don wannan aiki, kuma abin da ya sha masa kai shi ne yake shan kanka yau.

Bugun da ya yi yawa daga yoyo yake. Makirfon da ka sa a sineya ba sineya kaɗai ya ji ba. Hai-hat na nan kusa da shi ƙasa da kamu ɗaya, kik na ƙarƙashinsa, mai darbuka na gefe. A istiraha mai tayil a ƙasa da bango tsirara, sautin kowa yana dukan bango ya dawo ya shiga makirfon kowa. Don haka kada ka miƙa wa manhaja layin da makirfo ya naɗa yadda ya zo. Ka kwafe shi, asalin ka ajiye gefe ba ka taɓa shi ba, kwafin kuma ka yi masa yankan rashin tausayi, tunda ba wanda zai taɓa jin sa sai na'ura. A kwafin kik ka zubar da duk abin da ya haura 120 Hz (Hz yawan girgizar sauti ne a daƙiƙa, ƙaramar lamba murya mai kauri, babba siririya), sai ka ga sineya da faranti, wato farantan ƙarfen da ake bugawa, sun kusan ɓacewa. A kwafin sineya ka yanke abin da ke ƙasa da 120 ko 150 don korar kik, ka sauke sama tun daga wajen 2,000 don korar hai-hat, ka bar tsakiyar inda jikin sineya yake, wajen 180 zuwa 250. Kwafin zai yi muni a kunne. Hakan ake so, muddin tudun kowane bugu ya fito fili a zanen sauti.

Gurnanin da ka ce kana ji ya cancanci magana ta daban, domin a nan Saudiyya wutar lantarki 60 Hz take, ba 50 ba kamar ta Nijeriya da Sudan. Idan wayar makirfo ta bi kusa da wayar mukayyif ko firij ɗin ruwa, ko kuma an jona miksa a soket ɗin da babu wayar ƙasa, gurnanin yana zama daidai a 60, 'ya'yansa kuma a 120 da 180. To nauyin kik ma a wannan unguwar yake zaune, tsakanin 50 da 80. Gurnanin yana ɗaga ƙasan zanen gaba ɗaya, sai tazarar da ke tsakanin shiru da bugu mai laushi ta ragu. Ka ɗauki ikwalaiza, abin da ake rage ko ƙara wani yanki na sauti da shi, ka yi yanka siriri sosai a 60 a kan kwafin. Wanda ya koyi aikin a Kano yakan manta ya yanka a 50 bisa sabo, ya yi ta mamakin abin da ya hana gurnanin tafiya. Wani abu kuma: kada ka sa kwamfuresa a kwafin nan. Aikinsa danne mai ƙarfi da ɗaga mai rauni, wato zai ɗaga maka yoyon da kake kora, ya kuma shafe bambancin ƙarfin bugu wanda shi ne dukiyar da muke son ceto.

Sai iyakar ji, wato layin da idan sauti ya haura shi ake rubuta bugu. A nan mutane suke gaggawa. Kada ka saita ta a amshi inda makaɗi ya zage yana duka da ƙarfi. Nemi wurin da ya fi yin sanyi a waƙar, sau da yawa farkon baiti ne lokacin da mawaƙi ke ambaton iyayen amarya. Zuƙo zanen har sai kana ganin daƙiƙa huɗu ko biyar kacal a allo. Za ka ga manyan tuddai, su ne dukan gaske. Tsakaninsu za ka ga ƙananan tuddai iri biyu. Waɗansu suna tashi tsaye kamar an sare su da wuƙa sannan su gangara a hankali, waɗannan bugun raɗa ne, sandar makaɗi ce take ɗan taɓa fata tsakanin manyan duka. Waɗansu kuma suna tashi a kumbure ba su da kaifin baki, waɗannan yoyo ne daga wata ganga. Iyakar ji tana zama sama da na biyun, ƙasa da na farkon. Idan tsayinsu ya zo ɗaya, babu saitin da zai raba su, sai ka bar iyakar a sama ka dawo ka sa bugun raɗan da hannunka. Kuma ba dole ba ne saiti ɗaya ya ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe. Yanka ta gida-gida, baiti da nasa saitin, amshi da nasa.

Akwai saiti na biyu da ke haifar da bugun ƙarya, shi ne tsawon lokacin da na'ura za ta toshe kunne bayan ta ji bugu. Fatar ganga ba ta tsayawa nan take, tana ci gaba da rawa, sai tudu na biyu ya sake haura iyakar a rubuta shi a matsayin sabon duka. Lissafin mai sauƙi ne. Waƙar da ke tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne. Raba shi huɗu, 125. Raba shi takwas, 62 da rabi. Ƙafar makaɗin biki da wuya ta yi saurin da ya wuce wannan, don haka a kik nakan sa tsakanin 60 da 80. A sineya nakan sauko 30 zuwa 40, saboda hannu ya fi ƙafa sauri, kuma akwai tagwayen bugu, inda sanduna biyu ke sauka kusan tare da ɗan tazara. Idan ka tsawaita lokacin za ka haɗiye na biyun, idan ka gajarta shi fata za ta yaudare ka.

Batun manhaja ba zan daɗe a kansa ba, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Tunda kana da Reaper, yi wannan aikin a can. A cikin fulogin, wato ƙananan kayan aikin sauti da yake zuwa da su, akwai wani mai suna Audio To MIDI Drum Trigger, yana da iyakar buɗewa da ta rufewa da lokacin toshe kunnen da na ambata, kuma kai za ka zaɓa masa lambar maɓalli. Ka ɗora shi bayan ikwalaiza, ka naɗi abin da yake fitarwa a sabon layi. Lasisin Reaper na mai ƙaramin aiki dala 60 ne, riyal 225 ke nan, ya cancanci a biya. FL Studio gwani ne wurin haɗa kiɗa daga tushe, amma a wannan fanni ba ya burge ni: Slicex zai yanka maka sautin ya jera yankan a maɓallai daban-daban, sai kai kuma ka bi ka mayar da su kan maɓalli ɗaya. Masu Logic suna da Replace or Double Drum Track, masu Cubase suna fitar da MIDI daga hitpoints, Ableton kuma tun Live 9 na 2013 yana da Convert Drums to New MIDI Track, wanda ke ƙoƙarin gane kik da sineya da hai-hat daga layi ɗaya. Idan aikin zai zame maka sana'a, Trigger 2 na Steven Slate yana da hanyar danne yoyo, Superior Drummer 3 kuma yana da sashen Tracker da aka gina musamman don wannan. Ko wanne ka ɗauka, sai ka zauna ka bi waƙar tiryan-tiryan, zanen sauti a sama, MIDI a ƙasa, kana goge na ƙarya kana cike gurbin wanda aka tsallake. Waƙar minti biyar takan ci mini awa guda ko fiye a kan sineya kaɗai, kuma ban taɓa ganin na'urar da ta ɗauke mini wannan zaman ba.

Keken ɗinkin da kake ji kuwa abu biyu ne suka haɗu. Na farko, buɗe MIDI ɗin ka dubi sandunan ƙarfin bugu da ke ƙasa. Ina kyautata zaton za ka same su duka tsayi ɗaya, ko kuma duk sun manne a 127. Makaɗi ba ya duka haka. Nakan daidaita su ta yadda manyan duka za su zauna tsakanin 100 da 115, bugun raɗa tsakanin 30 da 50, in bar 127 don wurin da ya ɗaga hannu da gaske, kamar lokacin da aka shigo da amarya. Ka zaɓe su gaba ɗaya ka ja su tare, don siffar hawa da saukarsu ta tsira. Na biyu, samfurin da ka ɗora, wato naɗaɗɗen sautin ganga da MIDI ke kunnawa. Idan fayil ɗaya ne tak ake maimaitawa, kunne yana gane shi tun a bugu na uku, ko da ka sauya masa ƙara. Ganga idan an buge ta a hankali ba ƙararta kawai ke raguwa ba, muryarta ma takan sauya, ta yi duhu, ta rasa kaifi. Kana buƙatar kayan ganga masu hawa-hawa, waɗanda aka naɗi kowace ganga a ƙarfi daban-daban, kuma a kowane ƙarfi akwai duka da yawa da suke fitowa karɓa-karɓa. Kik yana iya jure samfuri ɗaya, sineya ba ta jurewa.

Yanzu ga matsalar da ta fi ɗaure wa mutane kai, ɓacewar nauyi. Ka kunna sabon kik shi kaɗai, yana girgiza ɗaki. Ka kunna tsohon shi kaɗai, yana da ɗan nauyinsa. Ka haɗa su, sai ka ji kamar an zare musu laka. Dalilin shi ne sauti turi ne da ja. Fatar sifika tana fita tana komawa. Idan sabon kik ya ce mata fita a daidai lokacin da tsohon ya ce mata koma, sai ta tsaya cik. Sautin 60 Hz yana cika zagaye ɗaya a milisakan 16 da ɗoriya, don haka kuskuren milisakan 8 ya isa ya sa su kashe juna. A sineya abin ya fi tsanani: a 200 Hz zagaye milisakan 5 ne, rabinsa 2 da rabi. Idan ka naɗa a ɗigo 48,000 a daƙiƙa, ɗigo 120 ke nan, abin da ba za ka gani ba sai ka zuƙo sosai. Kuma hanyoyin samun wannan ɗan jinkiri suna da yawa. Na'ura ba ta rubuta bugu sai sauti ya haura iyaka, wato ta riga ta makara kaɗan, kuma ta fi makara a bugu mai laushi. Wani samfurin yana da ɗan shiru a gabansa. Ikwalaizan da ka sa a kwafi ma yana ɗan karkatar da lokaci.

Ga yadda nake yi. Bayan na gama gyaran MIDI, sai in mayar da sabon sautin fayil ɗin odiyo, in ajiye shi daidai ƙarƙashin layin asali. In zuƙo bugu ɗaya har sai na ga inda layin ya fara barin tsakiya. Abu biyu nake dubawa: shin sun fara tare, kuma shin sun fara ta fuska ɗaya, duka sama ko duka ƙasa. Idan ɗaya ya nufi sama ɗaya ƙasa, maɓallin juya fuska, mai alamar Ø, shi ne magani. Idan tazara ce, in ja dukan layin har su haɗu. Daga nan in duba wurare goma ko fiye a cikin waƙar, masu ƙarfi da masu laushi, wanda ya kauce in gyara shi shi kaɗai. Sannan in mayar da sauraro zuwa mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya, in riƙa danna maɓallin nan ina sakewa, inda nauyi ya fi cika nan ne daidai. Ka tuna da makirfo biyun da ke sama. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iska mai sanyin digiri 20, ya ɗan fi haka a zafin Jidda, wato kusan milisakan 3 a kowace mita. Sineya tana isa makirfon sama bayan ta isa na kusa, don haka kullum daga makirfon kusa ake ciro MIDI, kuma da shi ake daidaita sabon sauti. Tsohuwar sineyar tana nan daram a makirfon sama, ba za ka iya cire ta ba. Saboda haka samfurin da ka zaɓa ya zama muryarsa ta yi kusa da tata, in ba haka ba mai sauraro zai ji ganga biyu suna gardama. Shi ya sa ni ban cika sauyawa ɗungurungum ba. Nakan bar asalin, in tura sabon a ƙarƙashinsa har sai kwalin nan ya cika ya zama ganga, in tsaya.

Faranti da hai-hat ka ƙyale su yadda suke. Hai-hat ba rufe da buɗe kawai yake da shi ba, ƙafar makaɗi tana yawo a tsakani, kuma babu na'urar da ke karanto wannan daga sauti yadda ya kamata. Wanke su da ikwalaiza ya wadatar.

Ina roƙonka abu ɗaya: kada ka danna kwantayiz, maɓallin da ke jan kowane bugu zuwa layukan ragar awon waƙa. Makaɗan nan ba da agogo a kunne suka yi kiɗan ba. Sun bi mawaƙi, sun bi rawa, lokacin liƙi sun ƙara wuta, da aka zo addu'a suka lafa. Ragar da ke allon manhajarka ba ta san da wannan ba. Idan ka ja bugun zuwa layukanta, sabon kik zai rabu da tsohon da ke makirfon sama, zai kuma rabu da darbuka da kalangu. Ban da haka, kiɗanmu da yawa uku-uku ake ƙirga shi, kuma ko a cikin ukun nan akwai ɗan jinkiri da ɗan gaggawa da hannu ke yi wanda shi ne ke sa ƙafa ta motsa. Ka kuma kulle MIDI ɗin a kan lokaci na agogo, ba a kan awon waƙa ba. A Reaper ana yin haka ta saitin timebase da kuma umartar abin ya yi watsi da saurin aikin. In ba ka yi ba, ranar da ka taɓa lambar sauri MIDI zai zame ya bar odiyo a baya.

Darbuka tana yiwuwa, amma rabi. Makirfo ɗaya ne, muryoyi biyu: dum a tsakiyar fata, tak a baki. Ka yi kwafi biyu, ɗaya ka bar masa ƙasa da 200 Hz ya kamo dum, ɗaya ka bar masa sama da 2,000 ya kamo tak, kowanne da maɓallinsa. Wasan yatsun da ke tsakani, wanda shi ne ƙawar abin, zai zube. Ni dum kaɗai nake ƙara wa nauyi in bar sauran. Kiɗan taro irin na mizmar ɗin Hijaz, inda ganguna da yawa da tafi suke tashi lokaci guda, wannan ko gwadawa ba na yi.

Kalangu kuwa, ƙanena, kada ka sauya shi. Na taɓa yi, shi ya sa nake gaya maka. Shekarun baya a nan Jidda aka kawo mini naɗin wani biki, mai kalangun dattijo ne da ya zo daga Makka. Makirfonsa ya kwashi hayaniya da yawa, sai na ciro bugunsa MIDI, na ɗora samfurin kalangu mai tsabta, na daidaita ƙarfi, na daidaita lokaci, komai ya zauna. Da ya zo karɓar kwafinsa na kunna masa. Ya zauna a kan kafet ya sunkuyar da kai, hannunsa na hagu a manne da haƙarƙarinsa, ina ganin damtsensa yana matsewa yana saki kamar gangar tana hammatarsa. Ba a yi minti ɗaya ba damtsen ya daina motsi. Ya ɗago ya tambaye ni ina maganar da ya yi. Na ce, Baba, wace magana? Ashe a wurin nan taken gidan ango yake kaɗawa, wanda ya gada daga mahaifinsa, kuma tsofaffin gidan suna jin sa kamar yadda kake jin sunanka. Bugun duka yana nan, ko ɗaya bai ɓace ba, amma abin da ya faɗa ya tafi. Na goge aikin kwana biyu na koma kan asalin.

Dalilin a fili yake idan ka dubi yadda ake kaɗa shi. Kalangu fata biyu ne da igiyoyi suka haɗa, makaɗi yana matse igiyoyin da hannu, fata ta ɗaure murya ta hau, ya saki ta sauka. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti, akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗowa, kuma waɗannan kalangu yake kwaikwayo har a ji magana. Sau da yawa ma matsewar tana zuwa bayan gula ta sauka, murya ta lanƙwasa a cikin bugu ɗaya. Magatakardan da na ba ka labari lokaci da ƙarfi kawai yake rubutawa. Gaskiya ne MIDI yana da saƙon lanƙwasa murya, mai matakai 16,384, amma yawancin kayan kiɗa suna zuwa da shi a saite a nisan maɓalli biyu na piyano sama ko ƙasa, kalangu kuma ya wuce haka. Ko ka faɗaɗa shi, jan samfuri sama da ƙasa ba ya yin ƙarar fatar da aka ɗaure da gaske. Melodyne, wata manhajar gyaran murya, yana iya nuna maka hawa da saukar muryar a allo, yana da amfani don ka ga abin da makaɗin ya yi, amma sake gina shi da hannu aikin da ba ya biyan wahalarsa ne.

Abin da MIDI zai yi wa kalangu mai amfani shi ne ya zama mai gadin ƙofa. Ka ciro bugunsa kamar yadda ka ciro na sineya, amma maimakon ya kunna samfuri, ka sa shi ya riƙa buɗe ƙofar sauti a kan layin asali: gula ta sauka ƙofa ta buɗe, a bar ta a buɗe har murya ta gama lanƙwasawa, sannan ta rufe a hankali. Kada ta rufe ruf, rage hayaniyar da desibel 8 ko 10 ya isa, idan ta wuce haka za a ji ɗakin yana numfashi. Da haka hayaniyar 'yan biki za ta ja baya, muryar gangar ta matso gaba, kuma fatar mai ita ce ake ji.

Wataƙila wani ya karanta wannan alhali abin da ke hannunsa bidiyon jawwal, wato wayar hannu, ne kawai, komai a cakuɗe. Akwai masu raba sauti yanzu, FL Studio ya samu nasa a 2023, Logic a 2024, akwai kuma Demucs na kyauta. Suna ware murya da bes da ganguna da sauran kaya, amma gangunan a dunƙule suke ba ka su, kuma a gwajin da na yi kalangu yakan rabu biyu, kan bugun ya tafi wurin ganguna, jelar muryar ta tafi wurin bes ko sauran kaya. Kik za ka iya cirowa daga nan, sineya da ƙyar, sauran sai haƙuri.

Biki na gaba ka tafi da shiri. Akwai 'yan na'urorin da ake maƙalawa a bakin ganga suna taɓa fata, Roland da ddrum duk suna yin su. Girgizar fata suke ji, ba iska ba, don haka yoyo kaɗan ne ke shiga. Ka jona ɗaya a kik ɗaya a sineya zuwa ramukan da suka rage a na'urar naɗinka, daga su za ka ciro MIDI cikin minti kaɗan. Sannan kafin baƙi su cika wuri, ka roƙi mai istiraha ya kashe mukayyif na minti biyar, ka sa makaɗi ya bugi kowace ganga ita kaɗai, a hankali sau biyar, tsaka-tsaki sau biyar, da ƙarfi sau biyar, yana barin kowane bugu ya mutu kafin na gaba. Samfurin gangarsa ke nan, a ɗakin da aka yi kiɗan, kuma babu wanda za ka saya da zai zauna da makirfon sama kamarsa. Ka kuma gaya wa makaɗin abin da za ka yi da kiɗansa tun kafin ka yi, haƙƙinsa ne ya sani.

Na wannan bikin kuma, turo mini daƙiƙa talatin na layin kik da na sineya da na makirfon sama ɗaya, daga wurin da kiɗan ya fi sanyi, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya. WAV nake so, kuma idan ta WhatsApp ne ka tura su a matsayin takarda (Document), domin matse fayil zuwa MP3 yana dakushe bakin bugun da muke nema. Zan duba in faɗa maka inda za ka ajiye iyakar ji.